Tsakanin "Da" da "Ko": Yadda Korewa Ta Kusa Ƙona Injin Kawu

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin ginin jimla ya san darasin korewa. An koya mana cewa Hausa tana da hanyoyi aƙalla biyar na kore magana: akwai "ba ... ba" ta shuɗaɗɗen lokaci kamar a "bai zo ba", akwai "ba" mai dogon wasali ta lokaci mai ci kamar a "ba ya zuwa", akwai "babu", akwai "ba ... ba" da ke kore jimla ɗungurungum ko wani yanki nata kamar a "ba shi ba ne", sannan ga "kada" ta hani. Mukan haddace su, mu zuba wa malami a takardar jarrabawa, mu wuce. Ni ma haka na ɗauki darasin, har sai da wani hutun ƙarshen shekara ya kai ni gida Tudun Wada a Minna, inda na ga korewa ɗaya da aka ajiye ba a muhallinta ba ta malalar da ruwa a lungunmu, ta kuma kusa jawo wa kawuna asarar abin da yake ci da iyalinsa da shi.

Ga yadda abin ya faru. Wanda ya san Minna ya san ƙarƙashin ƙasarta dutse ne. Rijiyar burtsatse a irin wannan wuri ba kamar ta ƙasa mai yashi ba ce, ruwanta yana taruwa ne a tsagogin dutse, saboda haka idan aka matsa mata da ja, musamman daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, sai ta ƙafe na ɗan lokaci kafin ta sake tarawa. Kawuna yana da irin wannan rijiya a ƙofar gidansa, da tanki a bisa ƙarfe, yana sayar wa 'yan ga-ruwa masu tura kura da jarkoki. Injin da ke jawo ruwan shi ne irin wanda ake zurawa can cikin rijiyar, wanda masu aikin suke kira sumo. Ruwan da yake ja shi ne yake sanyaya shi. Idan ruwa ya ƙare shi kuwa yana ta juyawa, zafi zai yi masa yawa ya ƙone. Don haka kullum sai an sa wani yaro ya zauna yana gadin abu biyu: kada tanki ya cika ya zube, kada kuma injin ya yi ta juyi a busasshiyar rijiya.

Ƙanina, wanda yake koyon ilimin kwamfuta, ya ce zai hutar da yaron. Ya samo ɗan allon nan na lantarki mai suna Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai, ya haɗa masa makunni biyu. Ɗaya yana iyo a cikin tanki, yana ba da labari idan tanki ya cika. Ɗayan yana cikin rijiya, yana ba da labari idan ruwa ya yi ƙasa. Kawu kuwa ya ba shi umarni da Hausa tsantsa, ba kwana-kwana: "A bar injin ya yi ta aiki har sai tanki ya cika ko rijiya ta ƙafe."

Ranar gwaji, bayan la'asar, aka kunna. Tanki ya cika, injin bai tsaya ba. Ruwa ya yi ta kwarara ta saman tanki, ya bi lungu, ya shiga zauren maƙwabta. Kawu da kansa ya ruga ya kashe da hannu, ya juyo ya dubi ƙanina ya ce, "Wannan shi ne ilimin?" Ƙanina ya ɗora laifin a kan makunnin cikin tanki. Washegari ya je kasuwa ya sayo sabo, aka sake gwadawa, ruwa ya sake zuba.

Abin da kwamfuta take nufi da sharaɗi

Kafin in ci gaba, ya kamata in yi wa ɗan'uwa mai karatu bayanin abu biyu, kamar yadda ƙanina ya yi mini a daren nan muna zaune a kan tabarma da fitilar waya.

Na farko shi ne zagaye. Yawancin aikin kwamfuta maimaici ne: yi kaza, koma ka duba, sake yin kaza. Mai rubuta manhaja yana ba ta sharaɗi ɗaya, a farkon kowane zagaye sai ta tambayi kanta ko sharaɗin nan gaskiya ne. In gaskiya ne ta sake zagayawa, in ƙarya ne ta fita. Na biyu shi ne shi kansa sharaɗin. A wurinta kowace magana ɗayan biyu ce, ko gaskiya ko ƙarya, kuma da kalmomi uku kawai take haɗa maganganu: BA, da DA, da KO. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a wajajen 1972 kuma wanda harshen Arduino ya samo asali daga gare shi, alamar motsin rai (!) ita ce BA, alamar && ita ce DA, alamar || kuma ita ce KO.

A nan ne matsalar farko take. Kawu ya yi magana da "har sai". Wasu harsunan kwamfuta suna da kalmar da ta yi daidai da wannan. Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970, yana da ita, haka ma QBasic. Harshen C ba shi da ita, Python ma haka. Abin da suke da shi shi ne while, wato "muddin" ko "matuƙar". Mu kuwa ɗaliban harshe mun san "har sai" da "muddin" juna suke bai wa baya: "har sai" tana faɗin lokacin tsayawa, "muddin" tana faɗin lokacin ci gaba. "Zan jira har sai ka zo" daidai take da "zan jira muddin ba ka zo ba". Ke nan duk wanda zai mayar da "har sai" zuwa "muddin" dole ya kore sharaɗin. Ƙanina ya san wannan, kuma da farko ya rubuta shi daidai:

while (!(tankiYaCika || rijiyaTaKafe))

Wato: muddin BA [tanki ya cika KO rijiya ta ƙafe] BA, a ci gaba da ja. Amma da ya dubi layin sai ya ga baka a cikin baka, ya ga abin bai yi masa kyan gani ba, ya ce bari ya gyara. Sai ya yi irin abin da aka koya mana a lissafin sakandare, inda ake buɗe baka a raba wa kowa abin da ke waje. Ya bai wa tanki korewarsa, ya bai wa rijiya tata, ya bar KO a inda ya same ta:

while (!tankiYaCika || !rijiyaTaKafe)

Na ce masa ya karanta mini da Hausa. Ya ce, "Yaya, ai ga shi nan: muddin tanki bai cika ba, ko rijiya ba ta ƙafe ba, a ci gaba." In faɗi gaskiya, da na ji jimlar ban ji wani aibu a cikinta ba. Da a kasuwa wani ya faɗa mini ita, da na gyaɗa kai na wuce. Abin da ya taimake ni shi ne na juya tambayar. Na ce masa, bar maganar yaushe zai ci gaba, gaya mini yaushe zai tsaya.

Muka ɗauki takarda. Abu biyu ne, kowanne yana da hali biyu, saboda haka yanayi huɗu ne kacal za su iya aukuwa. Idan tanki bai cika ba kuma akwai ruwa a rijiya, ɓangarorin biyu gaskiya ne, injin zai ja, kuma haka ake so. Idan tanki ya cika amma akwai ruwa a rijiya, ɓangaren farko ƙarya ne, na biyu gaskiya ne, ita kuwa KO gaskiya ɗaya ta ishe ta, don haka injin zai ci gaba da ja. Ruwan da ya shiga zauren maƙwabta ke nan. Idan tanki ya cika kuma rijiya ta ƙafe a lokaci ɗaya, a nan ne kaɗai zai tsaya. Wato da Kawu bai kashe da hannu ba, da injin ya yi ta zubar da ruwa a ƙasa har sai ya ƙafar da rijiyar.

Saura yanayi ɗaya, kuma da muka zo kansa ƙanina ya ajiye biro ya yi shiru. Tanki bai cika ba, rijiya ta ƙafe. Ɓangaren farko gaskiya ne, KO ta gamsu, injin zai ci gaba da juyawa. Tunda babu ruwa, tanki ba zai taɓa cika ba, saboda haka zagayen ba shi da ranar ƙarewa sai ranar da injin ya ƙone. A watan Disamba muke, rijiya tana da ruwa, shi ya sa kuskuren ya fito ta fuskar da ido yake gani. Da a watan Maris aka fara gwajin, da ba ruwa za a gani a lungu ba, shiru za a ji daga cikin rijiya.

Gyaran harafi biyu ne kawai:

while (!tankiYaCika && !rijiyaTaKafe)

Muddin tanki bai cika ba, kuma rijiya ba ta ƙafe ba. Idan korewa ta shiga cikin baka, ba kowane ɓangare kaɗai take juyawa ba, har mahaɗin da ke tsakaninsu sai ta juya shi. KO ta koma DA, DA ta koma KO.

Soro biyu da ƙofa biyu

Hanyar da na bi na fahimtar da kaina wannan ita ce ta ginin gidajenmu. A ɗauki gida mai soro biyu a jere, sai an bi ta na farko sannan a shiga na biyu kafin a kai tsakar gida. Mutum zai shiga idan na farko a buɗe yake DA na biyu. To yaushe zai kasa shiga? Ba sai an rufe duka biyun ba. Idan an rufe na farko KO na biyu, ya tsaya a waje. Yanzu a ɗauki gida mai ƙofa biyu, ta gaba da ta baya. Mutum zai shiga idan ta gaba KO ta baya a buɗe take. Zai kasa shiga ne kawai idan an rufe ta gaba DA ta baya. Kowane yaro da ya taɓa dawowa gida da dare bayan an rufe ƙofa ya san wannan ba tare da an koya masa ba.

Wannan ƙa'ida tana da suna a littattafai. Ana kiranta dokokin De Morgan, da sunan Augustus De Morgan, masanin lissafi ɗan Ingila wanda aka haifa a Madurai ta ƙasar Indiya a 1806, ya rasu a 1871. Shi ne farfesan lissafi na farko a kwalejin da yanzu ake kira University College London, kuma ya koyar da Ada Lovelace, matar da bayananta na 1843 a kan injin lissafin Charles Babbage suke ɗauke da tsarin umarni mai maimaici, wato kakan irin zagayen da ƙanina ya rubuta. Ba shi ne ya fara lura da ƙa'idar ba, domin William na Ockham ya faɗe ta da kalmomi tun a ƙarni na 14. Abin da zamanin De Morgan ya ƙara shi ne mayar da ita alamomin da ake sarrafawa kamar lissafi. Jagoran wannan aiki shi ne George Boole, ɗan mai gyaran takalma daga garin Lincoln, wanda bai yi digiri ba amma ya zama farfesa a Cork ta ƙasar Ayalan a 1849. Littafinsa na farko a kan wannan fanni ya fito a 1847, shekarar da De Morgan ya fitar da nasa, babban littafinsa a kan dokokin tunani kuwa ya fito a 1854. Daga sunansa ne aka samo sunan wannan lissafi na gaskiya da ƙarya. Sai a 1937 wani ɗalibin digiri na biyu a MIT ta Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki da aka jera ɗaya bayan ɗaya suna aikin DA, waɗanda aka jera kafaɗa da kafaɗa kuma suna aikin KO. Soro biyu da ƙofa biyu ke nan, amma da waya.

Kada kuma mu ɗauka cewa irin wannan tunani baƙo ne a ƙasar Hausa. Ilimin manɗiƙi ya daɗe a zaurukan malamanmu. Al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi. Littafin nan Sullam na Al-Akhdari, malamin ƙarni na 16 daga ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, yana cikin waɗanda aka daɗe ana karantawa a Afirka ta Yamma. A babin kishiyantar maganganu na wannan fanni, ɗalibi yana koyon cewa abin da ke rushe "duk kaza kaza ne" shi ne "wani kaza ba kaza ba ne", ba sai an kore duka ba. Wannan ƙa'idar De Morgan ce da wata riga, domin "duk" DA ce mai tsawo, "wani" kuma KO ce mai tsawo.

Me ya sa kunnen Bahaushe bai ji kuskuren ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma ita ce ta sa na ga ya dace in kawo maganar a wannan mujalla maimakon in bar wa 'yan kimiyya.

Da farko dai, "da" ta Hausa ba ita ce DA ta kwamfuta ba. Tamu yankunan suna take haɗawa: Audu da Bala, tuwo da miya. Ba ma cewa "tanki ya cika da rijiya ta ƙafe". Idan ganga biyu za mu haɗa, sai mu jera su kawai ko mu sa "kuma". To a lura da abin da ke faruwa idan korewa ta hau kan yankunan suna. A gwada waɗannan jimloli biyu:

Ban ga Audu ko Bala ba.

Ban ga Audu da Bala ba.

Na gwada su a kan mutanen gidanmu, tun daga kan Inna har yaran da ke firamare. Kowa ya fahimci jimlar farko da cewa babu wanda na gani a cikinsu. Ta biyun ma haka suka fahimce ta, domin "Audu da Bala" a kunnenmu ƙunshi ɗaya ne, an kore shi gaba ɗaya. A wurin kwamfuta kuwa BA [A DA B] ba ta nufin an rasa duka biyun, tana nufin an rasa aƙalla ɗaya. Idan Bahaushe yana son wannan ma'anar sai ya sake gina jimlar: "Ba duka biyun na gani ba." Ke nan a maganarmu ta yau da kullum, "da" da "ko" sukan sauka a masauki ɗaya idan suna ƙarƙashin korewa. Kunnen da ya saba da haka ba zai firgita ba don an musanya su. Mu mutane muna cike giɓin da sanin duniya: duk wanda ya ji umarnin Kawu ya san ba a son tanki ya zube, don haka kowace irin jimla aka faɗa masa zai fassara ta ta hanyar da ta dace da hankali. Allon ƙanina bai san tanki ba, bai san maƙwabta ba.

Ita ma "ko" tana da harshen damo. Idan mai shayi ya ce "da madara ko babu?", ɗaya za a zaɓa. Idan kuma sanarwa ta ce "a zo da katin ɗalibi ko rasit", ba za a kori wanda ya zo da duka biyun ba. KO ta kwamfuta irin ta biyun ce. Shi kansa Boole bai yarda a tara abubuwan da suka yi tarayya ba, William Stanley Jevons ne a 1864 ya kawo KO mai karɓar duka biyun, ita ce kuma aka riƙe.

Sai dai kada a ce Hausa ta gaza. A ganina, a wurare biyu ta fi alamomin kwamfuta bayyana abin da ake nufi, mu ne ba mu lura ba.

Wuri na farko shi ne iyakar korewa. A kwatanta "duk ba su zo ba" da "ba duka suka zo ba". A ta farko "duk" tana wajen korewa, ma'ana babu wanda ya zo. A ta biyu tana ciki, ma'ana wasu sun zo wasu ba su zo ba. Haka "ba kowa a gida" da "ba kowa ne yake gida ba". Abin sha'awa shi ne "ba" ta farko tana buɗewa, ta ƙarshe tana rufewa, duk abin da ke tsakaninsu shi aka kore. Wato Hausa tana tafe da baka biyunta a cikin nahawunta. Layin da ƙanina ya fara rubutawa, wanda ya raina saboda yawan baka, shi ne ya fi kusa da ginin jimlar Hausa: ba wai tanki ya cika ko rijiya ta ƙafe ba. Da ya bar shi haka, da ruwa bai zuba ba. Na gaya masa haka, ya ce shi dai har yanzu ya fi son mai DA don ya fi sauƙin karantawa. Ban yi masa musu ba, tunda duka biyun abu ɗaya suke faɗi.

Wuri na biyu shi ne kwatance. Masu koyon manhaja sukan yi kuskure wajen kore alamar "ya fi", su ɗauka kishiyarta ita ce "ya gaza", su manta da wanda ya yi daidai. Hausa tana da aikatau biyu da suka raba gardamar: "fi" da "kai". Kishiyar "ya fi" ita ce "bai fi ba", wadda ta haɗa da wanda ya yi daidai. Kishiyar "ya kai" ita ce "bai kai ba", wadda ta fitar da shi. A Nijeriya wanda ya kai shekara 18 yana da damar jefa ƙuri'a. Mai shekara 18 cif ya kai, amma bai fi ba. Duk wanda ya rubuta "ya fi 18" a manhajar rajista ya hana dukan 'yan shekara 18 haƙƙinsu, kuma babu Bahaushen da zai rikita waɗannan kalmomi biyu a bakinsa.

A haɗa wannan da ƙa'idar De Morgan a dubi na'urar cirar kuɗi ta banki, wadda ta saba bai wa mutum dama uku ya sa lambar sirri. Za ta daina tambaya idan lamba ta yi daidai KO gwaji ya kai 3. Idan aka juya zuwa "muddin": ta ci gaba da tambaya muddin lamba ba daidai ba ce KUMA gwaji bai kai 3 ba. Wanda ya rubuta "bai fi 3 ba" ya ƙara wa ɓarawo dama ta huɗu. Wanda kuwa ya yi irin kuskuren ƙanina ya bar KO a tsakiya, ya yi ɓarna biyu: mai kati na gaskiya zai sa lambarsa daidai a karon farko a sake tambayarsa, ɓarawo kuma zai yi ta gwadawa ba iyaka, tunda muddin lambarsa ba daidai ba ce sharaɗin yana nan a gaskiya.

Akwai ma wani misali da ƙanina ya ce kusan kowane mai koyo sai ya faɗa ramin. Manhaja tana son amsar E ko A'a, tana son ta yi ta tambaya har sai an ba ta ɗaya daga ciki. Sai mai koyo ya rubuta: muddin amsa ba E ba ce KO amsa ba A'a ba ce. A tsaya a duba. In ka ce E, ai ba A'a ba ce, sharaɗi ya tabbata. In ka ce A'a, ai ba E ba ce, ya sake tabbata. Babu amsar da za ta fitar da kai.

Sauran aikin da muka yi a daren

Bayan gyaran harafi biyun, na lura da wani abu a sauran rubutun nasa. A wani wuri ya sa wa wani abu suna baRuwa, sannan can ƙasa ya kore shi, ya zama !baRuwa, wato "ba babu ruwa ba". Na tuna masa rigimar da akan yi idan aka tambayi Bahaushe "ba ka ci abinci ba?" ya ce "e". Shi yana nufin e, ban ci ba, domin maganar da aka yi yake gaskatawa. Wanda ya saba da Ingilishi kuwa sai ya ji kamar ya ce ya ci. Korewa biyu a jere tana rikita mutane ko da a hira ce. Muka bi muka sauya sunayen duka zuwa na tabbatarwa: akwaiRuwa, tankiNaDaWuri. Sai sharaɗin ya koma babu korewa ko ɗaya a cikinsa: muddin tanki yana da wuri kuma akwai ruwa, a ja. Wannan jimlar ce muka karanta wa Kawu da safe, ya ce, "To ai abin da na faɗa ke nan tun farko."

Shi ma ƙanina ya koya mini abin da ban sani ba. Ya ce a harshen C ana duba ɓangarorin sharaɗi daga hagu zuwa dama, kuma da zarar amsa ta tabbata ba a duba sauran. Idan ɓangaren farko na DA ƙarya ne, ba a ko leƙa na biyu. Saboda haka wanda yake juya sharaɗi ya bar ɓangarorin a jerin da ya same su, don wani lokaci na farkon gadi yake yi wa na biyun. Sannan ya kawo wata tambaya da lissafin Boole bai tanadi amsarta ba: idan ɓera ya ci wayar makunnin rijiya fa? A nan amsar gaskiya ita ce "ban sani ba", allon kuwa dole ya karanta ɗaya daga cikin biyu. Sai ya sake haɗa wayar ta yadda idan ta tsinke allon zai karanta "babu ruwa" ya kashe injin. Ya kuma ƙara umarnin cewa idan rijiya ta ƙafe a jira rabin awa kafin a sake gwadawa, don kada injin ya riƙa tashi yana mutuwa.

Kafin mu mayar da allon kan rijiya, mun gwada yanayi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya da bokiti biyu a tsakar gida, da ƙwan fitila a madadin injin. Ni nake ɗaga makunni ina saukewa, shi yana kallon ƙwan, Inna tana yi mana faɗan ɓarnar ruwa. Sau ɗaya ƙwan ya kama, sau uku ya mutu, daidai da abin da ke takarda.

Na koma makaranta a watan Janairu. Wajen tsakiyar Maris, ranar wata Asabar da zafin rana, sai ga kiran Kawu. Ya ce, "Wannan abin naku ya sake lalacewa. Injin ya tsaya, tanki ko rabi bai kai ba, ga 'yan ga-ruwa sun yi layi." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a ba shi rabin awa, kada a kunna da hannu." Ya yi gunaguni ya kashe waya. Da la'asar na kira ƙanina, ya ce injin ya tashi da kansa, ya ja na ɗan lokaci, ya sake tsayawa, kuma a haka ya yi ta yi har tanki ya cika bayan magariba. Kawu dai ya mayar da yaron bakin rijiya, wai ya riƙa sa ido a kan allon.